Ƴan aji shida za su ga kogi

A ƙasar Arewa, can bayan Dogon Dutsi, akwai wani ƙauye mai makaranta ɗaya. Azuzuwa huɗu na siminti ne, biyu na zana. Mutanen garin suna ce wa makarantar lakwal, yara kuma suna ce wa malaminsu Mushe. Ƴan aji shida, wato CM2, su 38 ne, maza 23, mata 15.

Wata rana cikin watan Oktoba, ba a daɗe da dawowa daga dogon hutu ba, Mushe yana koya musu labarin ƙasa. Ya ɗauki shuɗin alli ya ja wani dogon layi a allo, mai lanƙwasa kamar baka. Ya ce wannan shi ne kogin Isa. Daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya bi ta Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya, inda ake ce masa Kwara, daga nan sai teku. Tsawonsa ya fi kilomita 4000. Yara suka faɗa da Hausa, suka faɗa da Faransanci, suka rubuta a kaye.

Sai wani yaro da ke zaune a bencin baya ya ɗaga hannu. Maraya ne, wurin kakarsa yake, ba ya yawan magana.

— Mushe, a wane wata ne kogin yake ƙafewa?

— Ba ya ƙafewa. Ko da bazara akwai ruwa. A shekarar 1985 ne, bayan babban fari, ruwan ya daina gudu a Yamai na ɗan lokaci, har yau tsofaffi suna ba da labarin.

— To, Mushe, wa yake zuba masa ruwa da rani?

Aji ya fashe da dariya. Mushe bai yi dariya ba. Yaron nan ya san tabkin bayan gari, wanda yake cika a watan Agusta, ya koma taɓo da sanyi, ya tsattsage da bazara. Ya san rijiya da guga. Ya san ƙoramar da ke gudu wuni ɗaya bayan ruwan sama, kashegari sai yashi. Amma ruwan da ke tafiya dare da rana, shekara da shekaru, ba mai jawo shi, wannan bai taɓa gani ba. Masu dariyar ma ba su gani ba, sun dai rubuta a kaye. Mushe ya tambaya ko su wa suka taɓa zuwa Yamai. Hannu biyu suka tashi. Ɗaya an kai shi asibiti yana goye, ɗayan kuma da dare suka wuce cikin babbar mota, barci yake yi.

Da aka tashi, Mushe ya tafi wurin darakta ya ce yana so ya kai ajinsa Yamai. Darakta dattijo ne, ya kusa barin aiki. Ya cire tabarau ya dube shi.

— Malam, ɗaukar ƴaƴan mutane a mota ba wasa ba ne. Kana da izini? Kana da kuɗi? Ka san inda za su kwana?

— Ba ni da ko ɗaya, ranka ya daɗe.

— To, je ka nemo su. In ka samo, ni da kaina zan sa hannu.

Akwai malamin da zai koma ɗakinsa ya shirya komai shi kaɗai, ranar tafiya ya ce wa yara su hau mota. Irin wannan tafiyar yara suna jin daɗinta, amma abin da suke dawowa da shi kaɗan ne. Mushe ya bi wata hanya. Kashegari ya rubuta tambayoyin darakta a allo, ya ce wa yara: “Ga aikinmu daga yau har hutu.” Tun daga ranar, lissafi da rubutu da labarin ƙasa duk suka koma maganar Yamai.

Da lokaci aka fara. Wasu suka ce a tafi gobe. Wasu suka ce sai ƙarshen shekara. Aka bi watanni ɗaya bayan ɗaya. A Oktoba da Nuwamba ana aikin kaka, iyaye suna bukatar hannun kowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne, yaro ba ya iya wuni a rana cikin birni. Sai aka tsaya a kan hutun ƙarshen Disamba. Ba za a rasa darasi ba, hatsi yana rumbu, azuzuwan makarantun Yamai ba kowa a ciki, ana iya aron ɗaki a kwana. Ga wani dalili kuma da ya ba yara mamaki: a lokacin ne kogi yake cike. Ruwan da ya sauka a Gini da damina ba ya isowa da wuri. Yakan bazu a fadamun ƙasar Mali, ya yi ta tafiya a hankali, sai cikin sanyi yake isowa Yamai, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu da Fabrairu. Maraya ya saurari wannan bayani da kyau. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Takardar neman izini zuwa ga sufeton makarantu, yara ne suka rubuta ta. Da farko aka tattauna da Hausa abin da za a faɗa, sannan aka juya shi da Faransanci, kowa a allonsa, aka zaɓi jimlolin da suka fi kyau. Sau uku ana sake ta. Ta farko ba kwanan wata. Ta biyu ba a faɗi manya nawa ne za su raka yara ba. Ta uku ce darakta ya sa wa hannu, aka aika Dogon Dutsi ranar kasuwa.

Aka buɗe taswira. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 275 ne, a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Doso, da Birnin Ƙonni, da Maraɗi, da Damagaram. Idan mota tana cin kilomita 55 a awa ɗaya, awa nawa za a yi? Aka samu awa 5. Wata yarinya ta ce a ƙara awa ɗaya saboda salla, da tsayawa wurin jandarmomi, da masu jin fitsari. Mushe ya ce wannan awar ba ta cikin littafin lissafi, amma a rubuta ta.

Yarinyar nan ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, don haka aka ba ta riƙon kayen kuɗi. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, shafi ɗaya na abin da ya fita. Kuɗin kansu suna hannun ma’ajin kwamitin iyayen yara, ita dai rubutu ne nata, kuma duk ranar Jumma’a sai ta karanta wa aji abin da ke ciki.

A nan ne magana ta yi nauyi. An tambayi mai mota a tashar Dogon Dutsi, ya ce kwana uku jika 300. Abinci jika 90. Kuɗin shiga wurare, da magani, da abin da ba a rasa ba, jika 30. Jimla jika 420. Da aka raba wa mutum 38, kowa ya tashi da jika 11 da ɗoriya. Aji ya yi tsit. Kowane yaro ya san abin da jika 11 take nufi a gidansu.

Aka kira taron iyaye ƙarƙashin gawon ƙofar makaranta. Mai gari ya zo, liman ya zo, mata suka zauna a gefe bisa tabarmi. Ku lura da wani abu, ku masu karatu: a takardar kuɗi an rubuta 1000, malam yana cewa mille francs, ɗan kasuwa yana cewa jika, tsoho kuma yana cewa dala 200, domin dala ɗaya faran 5 ce. Duk kuɗi ɗaya ne. A taron nan yara ne suka yi tafinta tsakanin lambobin allo da lissafin kakanninsu, kuma ba su yi kuskure ba.

Mai gari ya ce gani ya kori ji, shi yana goyon baya, amma jika 11 ta yi yawa. Aka yi ta ja, aka tsaya a kan jika 3 kowane yaro. Makaranta tana da gona, wadda waɗannan yaran suka noma da damina, an samu wake buhu 6. Aka yarda a sayar, a zuba a asusun tafiya. Samari suka ce za su shirya kokawa ranar kasuwa, abin da aka tara na yara ne. Mata suka ce za su ba da wani abu daga adashinsu. Liman ya ce a rubuta wa ƴan garin da ke zaune a Yamai, masu sayar da shayi da masu gadi da wani tela, a gaya musu ƴaƴansu suna tafe.

Duk da haka lissafi bai cika ba. Sai aka rage kwana ɗaya, mota ta koma jika 240. Amsar mutanen Yamai ta zo da daɗi: abinci na wuyansu, tun daga saukar yara har tashinsu. Abin da ya rage a nema jika 270.

Makonni suka wuce. Aka sayar da wake jika 120. Iyaye suka riƙa kawowa, wani gaba ɗaya, wani dala 100 yau, dala 100 mako mai zuwa, wani tiyar hatsi a sayar. A farkon Disamba yara 35 sun biya. Uku ba su biya ba, kuma kowa ya san ba za su iya ba. Maraya yana cikinsu.

A taron kwamiti wani ɗan kasuwa ya ce maganar ba ta da wuya: wanda ya biya ya tafi, wanda bai biya ba ya jira wata shekara. Ba mugun mutum ba ne, shi ya fara biya, har ya ba da jarkokin ruwa aro. Yana ganin haka ne adalci. Wasu suka gyaɗa kai. Mushe ya so ya ce shi zai biya wa ukun daga albashinsa, amma ya san in ya yi haka, har su girma ana ce musu waɗanda Mushe ya biya wa. Ya roƙi a bar shi ya kai maganar aji.

Da aka faɗa a aji, yaran nan uku suka sunkuyar da kai. Mai riƙon kaye ta yi shiru tana rubutu a allonta, can ta ɗaga hannu.

— Mushe, waken nan na wane ne?

— Na ajinku ne, ku kuka noma.

— Mu duka?

— Ku duka.

— To, jika 120 a raba wa mutum 38, kowa yana da jika 3 da ƴan kai. Ke nan ba wanda bai biya ba. Wasu sun biya sau biyu, wasu sau ɗaya. Kuma ranar noman farko da na biyu, su ukun nan suna gona, wasu daga cikin waɗanda suka biya sau biyu ba su zo ba.

Aka sa ta ta yi rabon a babban allo, aka ga haka ne. Ranar taro na gaba ita ce ta tsaya gaban dattawa, muryarta tana rawa, ta maimaita lissafin da dala. Ɗan kasuwa ya ƙirga da yatsunsa, ya yi dariya, ya ce yarinya ta kayar da shi, a rubuta sunan kowa. Kokawa ta kawo jika 25, adashin mata jika 20, na iyaye jika 105. Aka haɗa da na wake, jika 270 cif.

Tun cikin watan Nuwamba Mushe ya riga ya je Yamai shi kaɗai, da kuɗin aljihunsa, Asabar da Lahadi. Wannan tafiyar ita ce ta gyara shirin. Yara sun ba shi sunayen wurare 11 da suke son gani: filin jirgin sama, filin wasa na Seyni Kunce, gidan rediyo, jami’a, babbar kasuwa, babban masallaci, da sauransu. Ya bi wasu da ƙafa, wasu da tasi, yana duba agogo. Ya ga cewa ko babba bai iya gama su a wuni biyu, balle yaro 38 da ba su taɓa tsallaka titi mai motoci huɗu a jere ba. Ya shiga babbar kasuwa, wadda ta ƙone a shekarar 1982 aka sake gina ta, ya yi ƴan mintoci a cikin lungunanta, shi kansa sai da ya tambayi hanyar fita. Ya soke ta. Ya duba abubuwan da ba a rubutawa a littafin yawon buɗe ido: ina mota za ta tsaya, ina inuwa, ina famfo, ina makewayi. Ya sami wani abokinsa da suka yi makarantar horon malamai tare a Doso, yanzu yana koyarwa a wata unguwa ta Yamai. Daraktan makarantarsu ya yarda ya ba da aji biyu, ɗaya na maza, ɗaya na mata.

Da ya dawo ya ce wuri uku kawai za a sauka: gidan tarihi, bakin kogi da gada, sai babban masallaci a yi salla. Sauran za a gan su ta tagar mota. Yara suka yi ƙorafi, musamman a kan filin jirgi. Mushe ya ce jirgi in ya tashi ana ganinsa daga ko’ina a birnin, ba sai an biya kuɗin mai ba.

Sannan aka shiga karatun wuraren tun kafin a gan su. Yamai ta zama babban birni a shekarar 1926, kafin nan Damagaram ce. Gidan tarihi na ƙasa an buɗe shi a 1959, yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama, wanda malamin makaranta ne kuma marubuci, ya kuma shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. A cikinsa akwai tufafi da kayan aikin al’ummomin Nijar, akwai maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a gaban jama’a, akwai namun daji. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobi da aka tono a Gadafawa, cikin hamadar ƙasar Agadas, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, har da na wani kada mai tsawon kusan mita 10. Akwai kuma itacen Tenere. Shi kaɗai ne ya tsaya a tsakiyar hamada, ba wani itace kusa da shi sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa, ayarin gishiri suna gane hanya da shi. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, aka ɗauko shi aka kawo Yamai. Wani yaro ya ce duk faɗin hamada direban bai ga wurin bi ba sai kan itace ɗaya? Mushe ya ce ya riƙe tambayar ya yi wa mai gadin wurin.

Gadar Kenedi an buɗe ta a 1970, tsawonta mita 710. Kafin ta, sai da jirgin fito ake ƙetarewa. A 2011 an ƙara gada ta biyu, a 2021 ta uku. Mita 710 lamba ce kawai a allo, don haka wata safiya Mushe ya kawo igiya mai mita 10. Aka fara daga ƙofar makaranta, ana shimfiɗawa ana ɗagawa, ana ƙirgawa. Aka wuce masallaci, aka wuce rijiya, aka wuce gidan mai gari. Sau 71 bai cika ba sai da aka fita gari aka shiga gonaki. Yara suka waiwaya suka hango makaranta ta yi ƙanƙanta. Maraya ya ce: “Duk wannan ruwa ne a ƙarƙashi?” Mushe ya ce ya bari ya gani da idonsa.

Aka raba aji ƙungiya biyar, kowace da kayenta da tambayoyinta: ta hanya, ta kogi, ta dabbobi, ta ƙasusuwa, ta masu sana’a. Ƴan hanya za su rubuta sunan kowane gari da lokacin da aka wuce shi. Su ne kuma za su sa ido bayan Birnin Gaure, wajen Kure, inda raƙuman dawa suke. A shekarar 1996 ba su kai 50 ba, aka kiyaye su, yanzu sun haura 600, kuma irinsu ba su rage a daji ko’ina ba sai a Nijar. Aka koyi gaisuwa da Zabarmanci, domin a Yamai ana jin Zabarmanci ana jin Hausa: fofo. Kowane yaro aka yanka masa kwali, aka rubuta sunansa da na makaranta da lambar wayar Mushe, aka sa zare na ratayawa a wuya. Kowa aka ba shi lamba daga 1 zuwa 38, aka yi ta gwajin ƙirga kai har ya zama kamar waƙa. Aka zana titi a filin makaranta da toka, manyan yara suka zama motoci, ana koyon tsallakawa biyu biyu.

Ana sauran kwana 10 sai ga labari: uban mai riƙon kaye ya ce ɗiyarsa ba ta zuwa. Ya biya jika 3 ɗinsa tun farko, ya ce a bar wa makaranta, amma ita tana gida.

Mushe ya je bayan la’asar, ya same shi yana gyaran darni. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da sanyi.

— Baba, na zo ne a kan maganar ɗiyarka.

— Na sani, Mushe. Ba raina ka na yi ba. Yayarta ta tafi Yamai aikatau, shekara biyu ba mu san inda take kwana ba. Ta dawo ba lafiya, ba ko dala. Na yi alkawari ban ƙara ba birni ɗiya.

Mushe bai yi musu ba. Bai ce zamani ya canza ba, bai kawo maganar doka ba. Tsoron mutumin yana da tushe, kuma wanda aka zo gidansa aka nuna masa bai san abin da yake yi ba, ƙara ƙulle ƙofa yake yi. Ya dai faɗa masa dalla dalla inda za a kwana, da wanda zai kwana a bakin ƙofa, da lokacin dawowa. Ya yi sallama ya tafi. Kashegari malamar aji uku da shugabar mata suka je wurin uwar yarinyar. Aka yi kwana uku ba amsa. A rana ta huɗu uban ya aiko: in gwaggonta za ta bi su, ta kwana kusa da ita, ya yarda. Gwaggon nan tsohuwa ce mai faɗa, duk yaran gari suna tsoronta. Mushe ya ce ai ko ba don wannan ba, irinta ake nema. Da jin gwaggo za ta, wasu iyaye biyu da suke ta gunaguni a ɓoye su ma hankalinsu ya kwanta.

Izini ya zo daga Dogon Dutsi. Ma’aikacin ɗakin shan magani ya haɗa ɗan akwati: maganin zazzaɓi, na gudawa, auduga da bandeji. Aka ce kowa ya zo da tabarma, da bargo ko zane mai kauri, da kwano, da ƙuli-ƙuli ko ɗan garin rogo na hanya. Aka hana shan fura da yawa da asuba saboda amai.

A nan Mushe ya yi kuskure ɗaya. Kwana biyu kafin tafiya aka raba kwalayen wuya, ɗaya ya rage a bisa tebur, mai lamba 17. Ya gan shi, ya ce a ransa yaron ya manta ne. Hankalinsa yana kan waɗanda matsalarsu ta fito fili, masu rashin kuɗi da mai rashin izini. Mai lamba 17 ya biya, ba wanda ya hana shi, ba ya cikin masu surutu. Ba a tambaye shi komai ba.

Ranar tafiya, tun kafin kiran salla gari ya tashi. Mota ta kwana a ƙofar makaranta. Iyaye suka zo da fitilu, ana ɗaura tabarmi a bisa, ana ta jan kunne. Liman ya yi addu’a. Aka fara ƙirga kai: 14, 15, 16, sai shiru. Aka aika gidansu da gudu. Sai ga shi ya zo, ba ƙunshi a hannunsa, igiyar guga ce a kafaɗarsa.

— Mushe, babana yana ci-rani. Kawuna da ya ce zai shayar da shanu ya tafi jana’iza tun shekaranjiya, bai dawo ba. Innata ba ta iya jan ruwa.

— Me ya sa ba ka faɗa mini ba?

Yaro ya dubi ƙasa. Da an sani tun shekaranjiya, da an sami wanda zai riƙe masa shanun kwana biyu, samari suna da yawa a garin. Mai gari ya ce yanzu ma a nemo wani. Yaron ya ce ɗaya daga cikin shanun ba ta yarda da baƙo, kuma bai shirya komai ba, kuma innarsa ita kaɗai ce. Direba yana ta duba agogo. Mushe ya tsaya ya rasa abin faɗa. Maraya ne ya leƙo ta taga ya ce: “Zan kawo maka ruwan kogin a kwalba.” Mota ta tashi da yara 37 da manya 5.

Ƴan hanya suka rubuta Dogon Dutsi, suka rubuta Doso, suka rubuta Birnin Gaure. Wajen Kure aka hango raƙuman dawa uku can nesa suna cin ganyen itace, direba ya tsaya minti biyar. Bayan azahar aka shiga Yamai, tela da masu shayi suna jira da tukwanen shinkafa da wake. Da la’asar aka bi gadar Kenedi da ƙafa, biyu biyu, gwaggo a baya da ƴar sandarta. A tsakiyar gada maraya ya kama ƙarfe ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya ga wani reshen itace ya taho bisa ruwa, ya shige ƙarƙashin gada, ya ɓace. Ya dubi inda ruwan yake fitowa, bai ga ƙarshensa ba. Mushe yana kusa da shi, bai ce masa komai ba.

A bakin kogi, inda masu wanki suke shanya tufafi, aka cika kwalba biyu. Aka liƙa musu takarda, aka rubuta da harshe biyu: ruwan kogin Isa, eau du fleuve Niger. Ɗaya tana bisa tebur a aji shida. Ɗayar maraya ya kai wa mai lamba 17 a bakin rijiya, daren da aka dawo bai ko shiga gida ba.

Ranar Jumma’ar farko bayan hutu, mai riƙon kaye ta karanta lissafin ƙarshe. Abin da ya rage jika 4 da dala 70. Aji ya yarda a mayar wa innar mai lamba 17 jika 3 ɗinta. Sauran jika 1 da dala 70 aka rubuta su a sabon shafi, aka miƙa kayen ga ƴan aji biyar.